Neman Fuskar Gizo: Waiwayen Mai Zane daga Masaka

Duk ɗan da ya tashi a gidan Hausa ya san Gizo. Ya san haɗamarsa da wayonsa, ya san matarsa Ƙoƙi da irin haƙurin da take yi da shi, ya kuma san tsamin bakin nan nasa da ke mai da raƙumi yaƙumi, sarki ya koma shayki. Amma da za a tara yara goma, a miƙa wa kowannensu fensir da takarda a ce ya zana Gizo, da an tashi da Gizo goma, babu mai kama da wani. Dalili kuwa shi ne, da dare ake tatsuniya, ta kunne take shiga, kowa kuma shi ke yi wa taurarinta fuska a zuciyarsa. Mu da Allah ya ɗora abincinmu a kan alƙalamin zane, wannan al'amari ya zame mana aikin rayuwa. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan muna ƙoƙarin fito da abin da kunnen Bahaushe ya sani zuwa inda idonsa zai gani ya amince. Abin da tafiyar ta koya mana shi ne, zane ma harshe gare shi, kuma hannun mai zane yakan tashi da harshen littattafan da ya fara kwaikwayo, sai ya yi da gaske kafin ya iya na gidansu.

Masakar da muka buɗe ido muka gani a shekarun 1970 ƙauye ce a bakin hanyar Keffi. Gwarawa manoman doya su ne masu ƙasa, matansu na ɗaukar kaya a kafaɗa, sa'an nan ga iyayenmu Hausawa, mahauta da maɗinka da 'yan tireda, waɗanda neman abinci ya zaunar a bakin titi. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar da dokar mai da babban birnin ƙasa Abuja. Da aka ja iyaka, sai Masaka ta faɗo a wajenta kaɗan, cikin Jihar Filato ta wancan lokaci, kafin a yanki Jihar Nasarawa a 1996. Mu dai a lokacin abin da muka sani game da sabon birnin bai wuce manyan motocin da ke wucewa da siminti da rodi ba.

Makarantarmu ta farko a fagen zane ita ce makarantar allo. A can muka koyi feƙe alƙalamin gamba, da dama tawadar gawayi da ƙaro, da yadda ake sassauta hannu layi ya yi siriri, a danna ya yi kauri. Idan wani ya kusa sauka, mukan kewaye mai zayyana muna kallon yadda yake raba fuskar allo gida-gida, ya cika kowane gida da ja da rawaya da kore, ba tare da rula ba. Makaranta ta biyu kuwa jikin motocin katako ce, inda ake zana zaki da gaggafa da ɗan dambe, a rubuta karin magana a goshin mota. Mukan tsuguna a ƙasa mu kwaikwaye su da tsinke kafin direba ya gama cin abinci. Zanen abu mai rai magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, ba kuma mu ne za mu yanke ta a nan ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne abin da mahaifinmu ya ce ranar da ya tarar da bayan littafin lissafinmu cike da dawaki. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Ku riƙe karatunku, ku kuma kula da abin da hannunku zai bari a bayanku." A kan wannan sharaɗi muka yi aiki har yau.

Motsi kuwa a wurin majigi muka fara ganinsa. Jefi-jefi motar majigi ta gwamnati takan zo, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna yadda ake zuba taki ko amfanin rigakafi. Idan ta tafi sai mu kafa tamu. Mukan sami babban kwali mu yanke masa taga, mu liƙa takardar da muka shafa wa man gyaɗa, mu ajiye fitilar ƙwai a baya, mu yanko mutane da dabbobi daga wani kwalin mu soke su a tsinken tsintsiya. Kuɗin shiga kwabo ne, wanda ba shi da shi ya kawo gyaɗa. A nan muka gano cewa idan aka ja mutumin kwali kusa da fitila inuwarsa takan cika taga, idan aka matso da shi jikin takarda sai ya ƙanƙance ya fito sarai. Da wannan dabara muke yin Dodo: ya taso daga ɗan mitsitsi ya rufe fili duka, ƙananan yara su watse da gudu.

Littattafan labarin zane ta hannun direbobi da yaran mota suka iso mana, wasu kuma a yage, an ƙunso tsire da su. Akwai tsofaffin kofe na mujallar African Film, wadda hotuna ne na mutane aka jera suna ba da labarin Lance Spearman, mai kwat da hular malafa. Akwai Powerman, wanda aka buga domin kasuwar Nijeriya daga 1975 zuwa 1977. Jarumin baƙar fata ne, amma Turawan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, su suka zana shi, har lamba aka sa wa kowane gida na shafin, wai don kada mai karatu ya rasa inda zai bi. Akwai kuma Ikebe Super ta Wale Adenuga, wadda ta fara fitowa daga Legas a 1976, da Papa Ajasco mai sanƙo. Turancinmu bai kai ya kawo ba, saboda haka ɗayanmu yakan riƙe littafin yana bin hotuna yana ƙaga musu magana da Hausa, saura na gyara masa. Daga nan muka fahimci asirin wannan fasaha: a gida na farko an ɗaga hannu, a na biyu mutum yana ƙasa, marin kansa ba a zana shi ba, mai karatu ne ya yi shi a tsakanin gidajen biyu.

Sai dai duk jaruman nan tufafinsu a ɗame suke, ana ganin kowace tsoka. Hannun da ya tashi a kansu ya iya ƙirji da damtse da dunƙulallen hannu, amma idan aka ce ya zana liman zai tafi masallaci sai ya tsaya. Littafi ɗaya ne a makarantar firamare ya nuna mana mutanenmu a takarda, wato Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga a Zariya a ƙarshen shekarun 1930. A ciki muka ga rawani da babbar riga da fada da aku. Daga baya muka sami labarin cewa wata Baturiya ce, Jacqueline de Naeyer, ta yi zanen. Ke nan, har fuskar da muka fara gani ta sarkin Hausa a littafi, baƙon hannu ne ya yi ta.

A ƙarshen shekarun 1980 muka shiga sashen koyon zane na Jami'ar Ahmadu Bello. A can muka ji tarihin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, waɗanda suka dage cewa a ɗauki dabarun Turai a haɗa da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na ƙasar Ibo. Mu kuma sai muka ɗauki littafin zane muka shiga kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni. Abu na farko da muka lura da shi shi ne, babbar riga ɓoye jiki take yi, saboda haka halin mai ita a jikin yadin ake karanta shi. Yadda attajiri ke saɓa hannun riga a kafaɗa daban, yadda wanda ya aro ta ranar salla ke yi daban. Abu na biyu, Bahaushe yana da maganar jiki wadda babu ita a littattafan koyon zane da ake kawowa daga waje: durƙuso da jinjina, tagumi da harara, nuni da leɓe, riƙe haɓa don mamaki, tafa hannu a juya shi don nuna babu ruwana. Kunyar budurwa a gaban surukai a gefen mayafi take da inda ƙwayar ido ta kalla. Muka cika littattafai da waɗannan, kowanne da sunansa a ƙasa.

Bayan hidimar ƙasa Kano ta kira mu, domin a farkon shekarun 1990 kasuwar littattafan soyayya ta buɗe. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama sun kafu, kowane littafi kuma yana bukatar bango. Marubuci ko marubuciya kan aiko da taƙaitaccen labari, mu zana saurayi da budurwa da mota, ko kishiyoyi sun juya wa juna baya, a kai maɗaba'a, bayan mako biyu mu gan shi a shimfiɗe wajen Bata. Tun da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 takarda ta yi tsada, saboda haka sau da yawa launi biyu kawai ake iya biya, dole mai zane ya san yadda zai sa ja da shuɗi su yi aikin launi huɗu. Ba kasafai ake sa sunan mai zane ba, ainihin zanen kuma a maɗaba'a yake zama har ya ɓace. Daga cikin bangunan da muka yi a waɗannan shekaru, waɗanda ke hannunmu yau ba su cika tafin hannu ba.

A Kano ne muka ƙudura fitar da labarin Gizo a zane, mu da wani abokin aikinmu. Nan muka yi karo da tambayar da ba ta taɓa damun mai ba da tatsuniya ba. Sunansa na gizo-gizo ne, amma yana noma, yana aure, yana zuwa fada, har sirdi ya taɓa ɗaura wa kura. To, ƙafa takwas za a ba shi ko biyu? Muka zana iri uku muka kai wa wata gwaggonmu wadda a bakinta muka fara jin labarinsa. Ta dubi na farko, mai ƙafa takwas da 'yar hula, ta ce, "Ku 'ya'yan nan, wannan ai na bango ne, wanda ake sharewa da tsintsiya. Ta yaya zai hau kura?" Ta dubi na biyu, mutum sosai da riga da wando, ta ce wannan ɗan tireda ne. Na uku siriri ne mai dogayen gaɓoɓi da ƙaton ciki, ya durƙusa yana gaida sarki, bakinsa na murmushi, idonsa kuwa yana kan akushin da ke gefe. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Yawwa, ga ɓarawon nan. Idon ne." Ba ta ƙirga ƙafafunsa ba.

Wannan aiki ya buɗe mana wata taska da ke cikin harshe. Littattafan Turawa suna da 'yan kalmomin ƙara da suke rubutawa da manyan haruffa idan an yi naushi ko an harba bindiga. Hausa kuwa tana da abin da masana nahawu ke kira amsa-kama, kuma kusan kowace ɗaya hoto ce da kanta. Gizo ya faɗo daga kan kuka, tim. Ya faɗa rijiya, tsundum. Ya cafe ƙosai, caraf. Tsuntsu ya tashi, fir. Har abin da ba shi da ƙara Hausa ta yi masa suna: fada ta yi tsit, Ƙoƙi ta yi zugum. Mukan zana tim da haruffa masu kauri a gindin shafi, mu zana fir siriri yana hawa sama, tsit kuwa mu sa shi ƙarami a tsakiyar gidan da babu kowace magana. Daɗin daɗawa, da yake da hannu muke rubuta maganganun, ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ba ta taɓa faɗuwa ba, a zamanin da keken rubutu da injinan maɗaba'a da yawa ba su da su.

Fitowa biyu littafin ya yi ya tsaya. Shafi ɗaya na zane yakan ci yini guda ko biyu, mai saye kuma ya karance littafin duka kafin shayinsa ya huce, ya miƙa wa na kusa da shi. Da kuɗin da zai saye shi zai sami labarin soyayya mai shafi ɗari da zai kwana uku yana karantawa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kuma finafinan bidiyo sun mamaye kasuwa, kwamfuta ta shigo maɗaba'a, aka koma haɗa bango da hotuna. Masu zanen hannu da yawa suka koma rubuta allon shago.

Mu gida muka dawo a tsakiyar shekarun 2000, muka tarar da wata Masakar. Tun da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, tsadar haya da rushe-rushen gine-gine suka yi ta turo jama'a waje, daga Nyanya zuwa Mararaba har zuwa gare mu. Gonakin doya sun zama gidajen haya, mutane na fita tun asuba don su tsere wa cunkoson hanya. Muka kama ɗaki ɗaya, muka sa teburin gilashi mai fitila a ƙasa, da tsohuwar kwamfuta mai manhajar Flash wadda ake yayi a lokacin, da ƙaramin janareto. Abincinmu ya koma gajerun finafinan zane na wayar da kai, kan wanke hannu da gidan sauro da sa yara makaranta.

Lissafin zane mai motsi ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Fim yana nuna hoto 24 a daƙiƙa guda. Idan aka bar kowane zane ya tsaya sau biyu, ana bukatar zane 12 a daƙiƙa, wato 720 a minti ɗaya, 3,600 a fim ɗin minti biyar. Kwamfuta tana rage wahala, amma ba ta san yadda Bahaushe ke tafiya ba. Wannan sai a tashar mota. A can muka ga cewa idan mai babbar riga ya tsaya, rigar ba ta tsayawa tare da shi, sai ta wuce gaba kaɗan ta dawo. Yarinya mai tallan fura kanta ba ya motsi, ƙugu da wuya ne ke shanye tafiyar. Bagwariya mai kaya a kafaɗa takan karkata gefe guda, ɗan ga-ruwa mai tura kura kuwa da yatsun ƙafa yake tafiya idan ya zo hawa.

Mafi ba da mamaki shi ne baki. A wannan sana'a murya ake fara ɗauka, sa'an nan a zana leɓe ya bi ta, kuma akwai jadawalin siffofin baki da ake koya wa kowa. Jadawalin don Turanci aka yi shi. A cikinsa, sautin f haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. Bahaushe kuwa da leɓɓansa biyu yake furta f, mutumin Sakkwato ma hw yake cewa. Idan aka bi jadawalin, sai a ga dattijo da rawani yana cewa "fara" da bakin Bature, mai kallo ya ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Haka nan tsawon wasali. Rubutun boko ba ya bambanta gari na zama da gari na tuwo, amma mai zane ba shi da wannan sauƙi, dole bakin ya daɗe a buɗe a na biyu fiye da na farko. Ala tilas muka zauna gaban madubi muka yi namu jadawalin, da shafi na musamman domin tsamin bakin Gizo.

Muna cikin wannan hali ne muka fara ganin ayyukan Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar. An haife shi a 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai. Makaniki ne tun farko, kuma da wasan inuwa ya fara, irin dai majigin kwalinmu. Ya yi aiki tare da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro ilmi wurin Norman McLaren, a 1966 kuma ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, inda ya yi wa shagulgulan masu mulki shaguɓe. Ya kuma yi Kokoa, inda 'yan tsanan dabbobi ke kokawa a fage kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa. Ya zauna shekaru masu yawa a Tawa ta ƙasar Adar, ya rasu a Wagadugu a 2015. Tsakanin Tawa da Sakkwato tafiyar yini ba ta cika ba, amma iyakar da ta raba masu Faransanci da masu Ingilishi ta sa mun san masu zanen Landan tun muna yara, ba mu san shi ba sai da furfura ta fara fito mana.

Fagen ya faɗaɗa a 'yan shekarun nan. A Abuja, Adamu Waziri ya fitar da Bino and Fino domin yara a 2010. A Legas an kafa Comic Republic a 2013. Roye Okupe ya gina jarumarsa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina, a 2024 kuma kamfanin Disney ya nuna Iwájú, wanda ya yi tare da matasan Kugali. Mustapha Bulama ya nuna a jaridar Daily Trust cewa zane ɗaya kan faɗi abin da sharhi mai shafi guda bai faɗa ba. Kayan aiki ma sun yi sauƙi, tun da manhajar Blender kyauta ce. Sai dai mafi yawan wannan arziki da Turanci yake magana. Yaran unguwarmu a Masaka da Turancin buroka suke wasa a titi, da dare kuma waya ce a hannunsu a lokacin da mu muke gaban gwaggo. Yadda jama'a suka rungumi finafinan Indiya da aka fassara ya isa shaida cewa suna son su ji labari da Hausa. Idan ba a ba yaran nan Gizo da Ƙoƙi da Dodo a inda idonsu yake ba, za su girma da tatsuniyoyin wasu, bakinsu na Hausa, mafarkinsu na aro.

Wannan ne ya sa muka kawo maganar gaban ɗalibai da malaman Hausa, domin rabin aikin naku ne. Mai zane yana bukatar marubucin da zai iya raba labari gida-gida, ya san abin da za a faɗa da abin da za a bar wa hoto, ya kuma taƙaita zancen sarki ya shiga ɗan fili ba tare da ya zubar masa da girma ba. Yana bukatar wanda zai tattara amsa-kama da maganar jiki daga Katsina da Sakkwato da Damagaram, ya bayyana inda suka bambanta. Yana kuma bukatar ɗakin karatun da zai karɓi tsofaffin bangunan littattafai da zanen jaridu ya adana, a rubuta sunan wanda ya yi kowanne tun masu tunawa suna raye. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi kundin digiri a kai, ga fili nan ba a taɓa nomawa sosai ba. Mu namu littattafan zanen na kasuwar Zariya da jadawalin bakin nan suna nan a akwati a Masaka, duk wanda ya zo da niyyar aiki za mu buɗe masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.